ZAUREN SHAWARA: Masu Binciken Ilimi, Ina Amfaninsu Ga Talakka?

A watan jiya mun yi magana bisa gyaran rumbu kafin a zuba sabon hatsi. A wannan wata za mu ɗauko wata magana da ake yi a kasuwa da bakin rijiya.

Wasu suna cewa: "Gwamnati ta gina manyan gidaje a Yamai da Maraɗi. Ta zuba ma'aikata a ciki, tana biyan su da kuɗin lanho. Ba su noma, ba su kiwo, ba su ba da magani. Sai kallon ƙwari da awon ƙasa. Ina amfaninsu?"

Wasu kuma suna cewa: "Ɗan wane ya shiga lakwal tun yana da shekara 7. Yanzu ya yi gemu. Tsararsa suna da ɗiya uku uku, shi kuwa har yau wai karatu yake. An ce zai zama dokta, amma ko allura bai iya ba."

Waɗannan tambayoyi suna bisa hanya. Kuɗin na talakka ne, ɗiyan ma na talakka ne. Mai abu yana da ikon ya tambayi inda abinsa ya shiga. To, bari mu duba tare.

MI NE NE BINCIKE?

Kowane manomi yana taɓa bincike. Wanda ya samo sabon iri a kasuwa ba ya shuka gonarsa duka da shi. Yakan ware gefe guda ya gwada, ya ga yadda zai yi. Makiyayi ya san ciyawar da ke sa nono, ya san wadda ke kumbura ciki. Kakanni ne suka duba, suka gwada, suka bar mana wannan sani.

Gidan bincike shi ma wannan aiki yake yi. Amma shi da awo yake yi, da rubutu, da kayan aiki. Suna da madubin da ke girmama abu har sau 1000. Da shi suke ganin ƙwayoyin cuta da idonmu ba ya gani.

Bincike iri biyu ne. Na farko yana neman maganin damuwar yau. Misali: wane hatsi ne zai nuna da wuri in ruwa ya ɗauke? Na biyu yana neman tushen abu. Misali: ƙaƙa ƙwaro yake numfashi? Mi ke ta da ƙwayar iri daga barci? Mi ke cikin hasken rana? Wannan na biyu ba ya kawo kuɗi bana, ba ya kawowa baɗi. Shi ne aka fi yi wa dariya. Amma na farko bisa kansa yake tsaye.

Ku tuna da mai ginar rijiya. Yakan yi kwana da kwanaki yana fid da busasshiyar ƙasa. Mai wucewa zai ce wahalar banza yake yi. Ran da ruwa ya ɓullo, gari duka ke sha, har da mai wucewan.

GIDAJEN DA MUKE DA SU

Dattawa ba su manta da farin 1973 da 1974 ba. Bisashe sun mutu, rumbuna sun bushe. A shekara ta 1975 gwamnati ta kafa gidan binciken noma na ƙasa, wanda ake kira INRAN. Kafin nan Faransawa ne ke riƙe da wannan aiki a ƙasarmu. Babban ofishinsa yana Yamai. Yana da rassa a Tarna kusa da Maraɗi, da Kollo, da Tawa. Irin hatsin da kuka sani da suna HKP da CIVT, da waken TN 5-78, daga aikin gidajen nan suka fito.

Sai jami'a. An buɗe ta a Yamai a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973. Kafin nan ɗan Nijar mai son karatu mai zurfi sai ya tafi Dakar, ko Abijan, ko Faransa. A 2010 aka kafa jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa. A 2014 aka ƙara a Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Jami'a aiki biyu gare ta: koyarwa da bincike. A can ake horar da masu binciken gobe.

Makiyaya kuma suna da nasu gida a Yamai, mai suna LABOCEL. Yana binciken cututtukan bisashe, yana haɗa alluran rigakafi.

ƊAN TASAWA MAI AUNA RANA

Jami'ar Yamai tana ɗauke da sunan Abdu Mumuni. An haife shi a Tasawa a 1929. Ya yi karatu a Damagaram da Yamai, ya wuce Senegal, ya wuce Faransa. Ilimin da ya bi shi ne ilimin zafi da haske da ƙarfin abubuwa. Ya samu babbar takardar dokta a 1967, yana da shekara 38.

Da ya so, da ya zauna Turai ya ci albashi mai tsoka. Amma ya dawo Afirka. Ya yi aiki a Bamako, sa'an nan a 1969 ya karɓi shugabancin gidan binciken ƙarfin rana na Nijar, wanda a lokacin ake kira ONERSOL. Ya riƙe shi har 1985. A can suka ƙera tukunyar da ke dafa abinci da rana, da tankin da ke ɗuma ruwa, da na'urar tace ruwa, da ta busar da kaya. A 1979 aka ba shi shugabancin jami'a. Ya rasu a 1991, Allah ya jiƙan shi. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa.

A zamaninsa mutane da yawa ba su ga amfanin auna rana ba. Yau ku leƙa garkunan albasa da na tumatir. Za ku ga baƙin faranti yana kallon sama, famfo yana zubo ruwa ba fetur ba gazuwal. Ku leƙa kasuwar ƙauye, za ku ga ana cajin waya da shi. Asalin farantin nan bincike ne na tushe. A 1839 wani saurayi Bafaranshe ya lura cewa haske yana iya haifar da wutar lantarki. Ba a ƙera farantin kirki ba sai 1954, a Amurka. Tsakani shekara 115 ke nan. Wanda ya fara bai sha ruwan famfon ba, mu muke sha.

ƘAƘA AKE ZAMA DOKTA?

Da farko mu raba abu biyu. Akwai likita mai duba marar lafiya. Akwai kuma doktan ilimi. Shi wannan yana iya zama doktan ƙasa, ko na ƙwari, ko na ruwan ƙarƙashin ƙasa, ko na lissafi. Kada ku kai mishi ciwon ciki.

Ga lissafin shekarun:

Firamare, shekara 6.
Kwaleji, shekara 4.
Lise, shekara 3, a ɗauki bak.
Lisansi a jami'a, shekara 3.
Masta, shekara 2.
Doktora, shekara 3 ko fiye.

In kun haɗa, shekara 21 ke nan, in yaro bai maimaita aji ba. Da yawa ne. Amma mun saba da irin wannan a makarantar allo. Almajiri yakan sauke Alƙur'ani, sa'an nan ya shiga littattafai, ya yi shekaru gaban malamai kafin a tambaye shi fatawa. Ba wanda ke cewa ya ɓata lokacinsa.

A shekarun farko ɗalibi yana koyon abin da wasu suka gano. A doktora dole shi da kansa ya gano abin da ba a sani ba, ko da ƙarami ne. Ana ba shi babban malami mai lura da shi. Ana ba shi tambaya guda, ya bi ta har ƙarshe.

Bari mu ba da misali da ƙuduji, wanda wasu ke ce wa gaugai. Kowa ya san shi, mai jan fure, mai shanye hatsi tun daga saiwa. Gindi guda yana zub da dubban ƙwayoyin iri, ƙanana kamar ƙura. Suna iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara 10. A 1966 masu bincike a Amurka suka gano abin da ke ta da su. Wani ruwa ne da saiwar shuka ke fitarwa. In ƙwayar ta ji shi sai ta tsira. In ta tsira ba ta samu saiwar da za ta kama ba, sai ta mutu cikin ƴan kwanaki. Saiwar kaɗa tana fid da ruwan nan, amma ƙudujin hatsi ba ya iya kama ta. Haka gujiya da wake suke rage shi. Wannan ne dalilin da ya sa malaman gona ke cewa a riƙa sauya shuka.

To, a ce an ba ɗalibi wannan tambaya: wace shuka ta fi rage ƙuduji a jigawarmu? Sai ya raba gona ƙanana ƙanana. Nan gujiya, nan wake, nan riɗi. Wuri guda ya bar hatsi bisa hatsi yadda aka saba, don ya samu abin gwadawa. Kowane iri sai ya maimaita shi wuri 4, don kada dacen ƙasa ya ruɗe shi. Kowane mako ya duƙa ya ƙirga ƙuduji gindi gindi, ya rubuta. Da kaka ya auna abin da kowane wuri ya ba da. Baɗi ya sake, baɗin baɗaɗa ya sake, domin damana guda tana iya yin ƙarya.

In ya gama sai ya rubuta littafi. A tara manyan malamai, wasu daga wasu ƙasashe. Ya tsaya gabansu da gaban jama'a, su yi ta yi mishi tambayoyi. In aikin ya tsaya da ƙafarsa, sai a kira shi dokta. In akwai rami a ciki, a ce ya koma ya gyara.

ABIN DA YA RIGA YA SHIGO GIDAJENMU

Na ɗaya, buhun wake. Da, manomi yakan sayar da wakensa tun da kaka da araha, don tsoron ƙwari. Wasu sukan zuba guba a ciki, mutane su ci su kwanta. Yanzu akwai buhu mai riɓi uku, wanda ake kira PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje. An fara gwada dabarar a arewacin Kamaru tare da jami'ar Purdue ta Amurka. Daga 2007 aka shiga yaɗa ta a ƙasashenmu, kuma masu bincike na Maraɗi suna cikin aikin. In an ɗaure ledojin tam, ƙwarin suna shanye iskar da ke ciki, sai su daina ci. A 2012 masu binciken suka bayyana wani abin mamaki. Ƙwaron wake ba ya shan ruwa. Jikinsa ne ke haɗa ruwa daga abinci da iska. In iska ta ƙare, ruwan jikinsa ya ƙare, ya bushe ya mutu. Saboda haka huda a leda tana iya ɓata aikin. Ku duba ledarku kafin ku zuba wake, kuma kada ku riƙa buɗe ta kullum.

Na biyu, murzuna, tsutsar zangarniya. Ta yi ƙarfi a ƙasashen Sahel tun bayan farin 1973. Uwarta malam-buɗe-littafi ce ta dare. Tana saka ƙwai bisa zangarniya, tsutsar ta bi tana yanka hanya kamar murɗin igiya. Sa'an nan ta sauka ƙasa ta kwana har damana mai zuwa. Masu kallon ƙwari suka lura tana da abokin gaba. Wani ɗan ƙwaro ne dangin zanzaro, bai fi cinnaka girma ba. Yana harbin tsutsar ta sandare, ya saka ƙwansa a jikinta, ɗiyansa su cinye ta. Suka koyi kiwon shi a ɗaki. Daga 2006 aka fara kai shi ƙauyuka a Nijar da Mali da Burkina, cikin ƴan jakunkunan algarara. Ana rataya su kusa da gonaki lokacin da hatsi ke fid da kai. Ba ya harbin mutum, ba ya cin hatsi.

Na uku, na makiyaya ne. Tsofaffi sun ba mu labarin bushiya, cutar da ke share garke cikin ƴan kwanaki. Wajen 1890 ta kashe mafi yawan shanun ƙasashen nan. Wani likitan bisashe ɗan Ingila, Walter Plowright, ya yi shekaru a wani gidan bincike na gwamnati a Kenya. Yana kiwon ƙwayar cutar cikin kwalba, yana sauya mata wuri sau da yawa, har ta yi rauni. Da ita aka yi allurar da ke tsare saniya har iyakar ranta. A 1962 aka fara babban yaƙin rigakafi a Nijar da Najeriya da Cadi da Kamaru. A 2011 aka yi shela cewa bushiya ta ƙare a duniya duka. Kafin ita, agana kaɗai aka taɓa gamawa da ita haka.

DON MI GWAMNATI CE KE BIYA?

Ɗan kasuwa yana son ribarsa kafin shekara ta juyo. Ba zai ciyar da mutum shekara 10 yana kallon tsutsa ba. Kuma in ya biya, zai ɓoye sanin don ya sayar da tsada. Abin da gwamnati ta biya na kowa ne, kamar rijiyar gari da burtali.

Akwai wani dalili. Mutanen Turai ba su cin tuwon hatsi. Murzuna ba ta hana su barci. In ba mu da namu masana, wa zai duba ƙasarmu da irinmu da shanunmu? Kuma in baƙo ya kawo iri ko magani, wa zai auna ya ce mana wannan na kirki ne, wannan guba ce?

A 1980 shugabannin Afirka sun taru a Legas. Sun yi shawara kowace ƙasa ta riƙa ware kashi 1 cikin 100 na arzikinta domin ilimin kimiyya da bincike. Da harshen manomi, dami 1 ke nan cikin dami 100. Ku kuna fid da dami 1 cikin 10 na zakka. Duk da haka ƙasashe da yawa ba su kai ga wannan kashi ba har yau.

INDA AIKI YA RAGE

Wannan zaure ba ya ɓoye gaskiya. Masu gunaguni suna da nasu rabo na gaskiya. Littattafai da yawa an rubuta su da Faransanci, an ajiye su a kanta, manomi bai ji ko kalma guda ba. Ana fid da iri mai kyau, amma ranar shuka ba a same shi a kasuwar ƙauye. Wasu ɗiyan da ƙasa ta yi wa hidima sun tafi waje ba su dawo ba, wani lokaci don ba su samu kayan aiki a gida ba. Bincike da yawa da kuɗin baƙi ake yin shi. In baƙon ya naɗe tabarmarsa, aikin ya tsaya.

Saboda haka muna kira ga hukuma ta ba gidajen nan abin aiki daga aljihun ƙasa. Muna kira ga masu bincike: duk wanda ya yi aiki a ƙauye ya dawo ƙauyen ya faɗi abin da ya gano. Ya faɗa da Hausa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Tamashek, ko Barbarci. Ya rubuto mana shafi guda, mu buga a wannan jarida.

NAMU RABO

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abin da mu ma za mu iya:

1. In ɗalibi ya zo garinku da littafi da ma'auni, ku tambaye shi daga ina yake, mi yake nema. In maigari ya yarda da shi, ku taimake shi.

2. Ku faɗa mishi gaskiya. In gona ta ba da dami 40, kada ku ce 20 don tsammanin taimako. Lissafin ƙarya yana haifar da shawarar ƙarya, kuma kanmu za ta dawo.

3. In an kafa turaku a gonar gwaji, ku hana yara cire su, ku tsare ta daga bisashe. Akuya guda tana iya cinye aikin shekara.

4. Ku ba su naku sani. Albasar Galmi da ake nema har bakin teku, manoma ne suka zaɓi irinta shekara da shekaru. Barin ƴan itatuwa a gona, wanda ya yaɗu daga ƙasar Maraɗi tun wajen 1984, da hannun manoma ya yaɗu. Masana sun zo daga baya suna aunawa.

5. Sabon iri, ku gwada shi a gefen gona tukuna, kusa da naku na gado. Ku da kuka iya rubutu yanzu, ku rubuta ranar shuka, da ranar da ya fid da kai, da yawan damman da ya ba da. Gani ya kori ji.

6. In Allah ya ba ku yaro mai kai, namiji ko mace, kada ku cire shi daga lakwal don gaggawar aure ko ci-rani. Ba kowane yaro ne zai kai doktora ba, kuma gona tana bukatar masu ilimi. Amma wanda malamansa suka ce ya wuce gaba, a yi haƙuri a bar shi. Abdu Mumuni ma daga Tasawa ya tashi.

Malaman karatun manya, ku karanta wannan shafi tare da ɗalibanku. Ku tambaye su: wace damuwa ce ta fi ci musu rai a gona ko a garke, wadda suke son masu bincike su duba? Ku rubuto mana da hannunku, ku sa sunan garinku. Za mu tattara wasiƙun mu kai su Tarna da jami'a, kuma za mu buga amsar da aka ba mu.

A wata mai zuwa za mu yi magana bisa ajiyar harawa da karan dawa domin rani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka a gona da garke. Amin.